Bangon Rana da Bangon Inuwa

Da sunan Allah da ya yi fata ta rufa wa ƙashi asiri, ya kuma yi hanci ya ba shi ikon tonawa. Ni ne Tunau ɗan Nomau, majemi ɗan majemi jikan majemi. Na taka ƙasar da ba ta san sunan garinmu ba, na sha ruwan kogin da ba a haƙa masa mashaya ba, na dawo da ƙafafuna biyu. Mai son labarina ya matso kusa. Wanda warin hannuna ya dama kuwa ya koma can nesa, muryata za ta kai masa.

Ba yunwa ce ta fitar da ni daga garinmu ba, ba kuma laifi na yi ba. Suna aka yi a unguwarmu, aka kawo tuwo a babban akushi, muka zagaye shi mu shida. Ina tsoma hannu sai biyar suka janye nasu, kowa ya tuna wai ya ƙoshi tun daga gida. Alhali takalman da ke ƙafarsu duk daga kwatarniyar majemarmu fatarsu ta fito. Na cinye tuwon ni kaɗai, don ni fushi ba ya hana ni cin abinci, amma na tashi da rantsuwar ba zan sake kwana a garin ba sai na samo sana'ar da ba ta wari. Tsohona ya ce, "Je ka nemo. In ka samu ka zo ka koya mini." Ya ba ni kartajinsa, wato ƙarfen da muke kankare fata da shi, da wani goran ruwan jima da ya shekara a toshe, wai ko zan yi kewar gida.

Na fara sauka a ƙasar Masu Turare, inda har jakuna ake turara wa kafin su shiga kasuwa. Na ce to, tafiya ta ƙare. Na roƙi babbansu aiki, ya ja ni bayan gari, ya nuna mini keji ɗari cike da jibda masu girman kura. Ya miƙo mini cokali ya ce in riƙa kankaro abin da ke ƙarƙashin wutsiyarsu, daga nan turaren sarki ke fitowa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Kwana uku na yi, wata ta cije ni a gwiwa, na ƙara gaba.

Daga nan na faɗa Dajin Gamba, inda ciyawa ta fi rimi tsawo, ba ka ganin rana sai ta tsaya tsaka. Wata biyu ina ɗimuwa a ciki. Abin da ya fitar da ni wata dabba ce da na bi sawunta: ƙirar barewa gare ta, amma ta kai bijimin sa girma, ƙahonta ya yi rassa hagu da dama kamar busasshen itace. Mutanen ƙasar suna kiran ta rassau. Ina fita dajin na hango wani birni yana ƙyalli a kan tudu, har sai da na kare idona da hannu. Shi ne Birnin Tsangalu.

Da na matsa kusa na gane abin da ke ƙyallin. Ƙoƙunan kan rassau ne, dubbai, farare tas, an rataye su jere-jere da ƙahonninsu a jikin wani dogon bango da ke fuskantar kasuwa. Na ce a raina wanda ke wannan aiki ai tsabta ce sana'arsa, ga abin da na baro gida nema.

Amma hancin mutanen Tsangalu irin na garinmu ne. Gida bakwai na yi sallama, gida bakwai aka ce ba wuri. Na takwas wani ɗan gida ne a bakin ganuwa, an shata wa ƙofarsa layin toka daga sama har ƙasa. Wata tsohuwa ta leƙo, ta dube ni, ta ce, "Shigo, ɗan nan. Gidan da aka shafa wa toka ba ya zaɓen baƙo." Sunanta Hakama. Ta kawo ɗan wake a akushi guda, ta zauna, ta sa hannunta inda na sa nawa. Na ce, "Inna, majemi ne ni fa." Ta ce, "To, majemi ba ya cin ɗan wake ne?" Wallahi sai da na kau da kai, don hawaye sun cika mini ido.

Da muka wanke hannu na tambaye ta ma'anar tokar. Ta ce, "A nan garin kowane magidanci sai ya kashe rassau guda kafin a ba shi fili. A kai kan wurin Magajin Bango, ya dafa, ya wanke, ya farantar, a rataye da sunan mai shi. Muddin ƙoƙon yana fari, gida na iyalinsa ne. In kuwa ya soma fitar da wani tabo ruwan ɗorawa, shi muke kira gumin ƙarya, an san mai shi mayaudari ne, ko yana raye ko ya mutu. Sai a shafa wa ƙofarsa toka, a ba iyalinsa kwana arba'in su tattara su koma Fadamar Sauro. Na maigidana Jatau ya yi gumi jiya. Shekararsa biyu a kabari." Ta ƙara da cewa, "Shekara arba'in da ɗaya na zauna da mutumin nan. Ko farashin gishiri bai taɓa ƙara mini ba. Ba gidan ne ya fi ci mini rai ba, sunansa ne."

Washegari na ce ta kai ni in gani. A hanya na lura bangon iri biyu ne. Akwai wanda na hango daga nesa, bangon rana, na talakawa. Akwai kuma wani a ƙofar fada, cikin doguwar rumfa mai sanyi, bangon inuwa, na sarki da manyan gari. Inna ta ce tun da aka kafa garin ba a taɓa jin na bangon inuwa ya yi gumi ba, don manya ba sa ƙarya. Na ce, "Haka ne, Inna, a garinmu ma haka suke faɗa."

Muka tsaya gaban na Jatau. Tabon ya fito a goshi da gindin ƙaho. Na miƙa hannu na shafa, na kai yatsa hanci. Idon majemi yana iya ruɗuwa, amma hancinsa ba ya mantuwa. Na yi dariya har mutane suka taru. Na ce, "Jama'a, wannan ba ƙarya ba ce, maiƙo ne. An dafa ƙashin da gaggawa, kitse da ɓargo sun shige cikinsa, aka shafe da farar ƙasa aka rataye. Rana ta yi ta dukansa har ta jawo maiƙon waje. Ko fatar akuya ka yi wa haka abin da za ta yi maka ke nan."

Nan take aka kira Magajin Bango. Wani dogon mutum ne cikin fararen kaya, yana tafe yana toshe hanci da bakin rawani. Ya ce, "Kai wane ne da za ka taɓa abin da kakannina kaɗai ke taɓawa? Baƙo raɓa ne, ka yi ta kanka tun rana ba ta ɗaga ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, raɓar ma tana jiƙa ƙafar mai gari." Aka ja ni gaban Sarki Bagudu, wani tsoho mai son kallon rigima in ba tasa ba ce. Na ce a ba ni ƙoƙon na kwanakin da suka rage wa Inna, in fitar da gumin. Sarki ya ce, "An ba ka. In ya dawo fari ya zauna fari, gida nata ne. In ya ƙi, ka ɗauki kayanta ka raka ta fadama, kai ma ka zauna can." Na ce na yarda.

Aikin nan ba ya son tafasa. Ruwan ɗumi yake so, wanda hannu zai iya zama a ciki, kuma kada ya huce har makonni. Magajin Bango ya san haka ko bai sani ba, Allah masani, amma kafin azahar ya sa an yi shela: duk wanda ya sayar mana da tukunya ko itace, a duba ƙoƙon gidansa da kyau. Kasuwa ta zama kamar ba a san mu ba. Mahauci guda ne ya jefo mini matsarmamar shanu uku ta bayan rumfa, bai ko dube ni ba.

Inna ta ce, "Bar su da tukwanensu. Jatau ya taɓa gaya mini akwai Tafkin Ɗumi a bayan Dutsen Uku, ruwan yana fitowa daga ƙasa da ɗuminsa rani da damina. Sai dai yanzu lokacin faɗan mazan rassau ne, can suke taruwa, ba maharbin da ke zuwa." Na ce, "Ai mu ba maharba ba ne." Ta ɗaure sabulun salo da toka a zane, na ɗora ƙoƙon a kai, muka kama hanya. Kwana huɗu muka yi, don Inna ba ta sauri, kuma ba ta yarda a ce ta gaji ba.

Wautata a nan ta fito. Na ɗauko kan rassau a bisa kaina, ƙahonni a miƙe sama, na doshi wurin da mazan rassau ke neman abokin karo. Muna sauka gangaren tafkin wani ƙato ya ɗago daga cikin ruwa, tururi na tashi a gadon bayansa. Ya ga ƙaho yana tahowa. Ya yi wani irin kuka, ya kafe kai, ya nufo ni. Na yi niyyar gudu, Inna ta riƙe mini riga. Ta ce, "Kada ka gudu, ƙashin zai fashe. Durƙusa, ka kifar da ƙahon ƙasa. Haka wanda aka kayar yake yi." Na durƙusa na kifar. Dabbar ta ja birki a gabana, tana huci a ƙeyata, ba ta soke ni ba, ba ta kuma tafi ba. Sai na tuna goran tsohona. Na lallaba hannu na zare toshiyar, na tuntsurar da shi gaban hancinta. Ruwan jimar da ya shekara a toshe ba abin wasa ba ne. Rassau ya yi atishawa sau uku, ya juya, ya kwashi garkensa suka haye dutse. Har muka bar wurin ba wanda ya sake sauka ta gefenmu. Inna ma ta daɗe tana tari, ta ce Allah ya yi wa tsohona albarka.

Na tona ɗan rami a bakin tafkin yadda ruwan ɗumi zai riƙa tsattsafowa ciki. Na naɗe ƙahonnin da fata don kada su koɗe, don kyan ƙaho yana ga duhunsa. Na sa kartaji na kankare farar ƙasar, sai ga ƙashin a ƙasa ya yi jawur da maiƙo. Na bi ramukan hanci da tsinke a hankali, don ƙasusuwan wurin sirara ne kamar ɓawon albasa. Na dama toka kaɗan da sabulu, na fasa matsarmama a ciki, na nutsar da ƙoƙon har gindin ƙaho.

Da gari ya waye maiƙo ya taso ya rufe ruwan. Wari kuwa, in aka gwada da shi majemarmu aljanna ce. Na kwashe da ƙwarya na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe maiƙo ne." Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ta ce, "Shekara tara ke nan, na mijin ƙanwata Tabawa ya yi gumi. Ni na riƙe ƙwaryar tokar da aka shafa wa ƙofarta, don a san ba na goyon bayan maƙaryata. Tana can fadama." Na sake ruwan, ta tashi ta kama mini.

Haka muka yi ta yi, kullum a kwashe, a sake ruwa. Haƙora suka soma zubowa, Inna tana tsincewa tana ƙullewa a bakin zane. Ran kwana goma sha takwas da shafa wa ƙofar Inna toka ruwa ya fito garau, na ce an gama. Na shanya ƙoƙon a kan dutse da tsakar rana, kafin la'asar tabon ya leƙo a gindin ƙaho kamar bai taɓa tafiya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zagi ƙashin, na zagi ƙafar da ta kawo ni. Inna ta ce, "Maiƙon shekara arba'in kake so ya fita a mako biyu? Mayar da shi." Na mayar. Sai ran kwana ashirin da tara ya yini a rana bai yi komai ba. Muka bar shi yana shan raɓar safe da zafin rana kwana uku, na mayar da haƙoran da ƙaro ɗaya bayan ɗaya, na kwance fatar ƙahon, na shafe su da ɗan mai.

Muka iso Tsangalu saura kwana uku wa'adi ya cika. Gari ya taru a ƙofar fada. Magajin Bango ya sa aka sauko da ƙoƙon gidansa daga bangon inuwa, aka ajiye kusa da na Jatau. Gabana ya faɗi, don nasa fari ne fat, namu kuwa farin nono ne, mai ɗan duhu. Magaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Wannan ne fari?" Jama'a suka soma gunaguni, na ga wasu har sun fara duban Inna da tausayi.

Na ce, "Allah ya ba Sarki nasara, ka ce ya dawo fari kuma ya zauna fari. Saura kwana uku. A rataye su biyun a bangon rana, kafaɗa da kafaɗa, mu ga mai zama." Magaji ya ce ba a taɓa fitar da na inuwa rana ba, al'ada ta hana. Na ce, "Mai gaskiya me zai ji tsoro a rana?" Sarki, da yake rigimar ba tasa ba ce tukuna, ya ce a rataye.

Ranar farko ba abin da ya faru. Rana ta biyu farar ƙasar Magaji ta soma tsagewa. Rana ta uku da azahar, a gaban kasuwa cike, maiƙo ya tsattsafo daga goshin ƙoƙonsa, ya gangaro ta ramin ido, ya ɗiga a ƙasa. Na Jatau yana nan yadda muka kawo shi. Can wata mai sayar da kuka da daddawa ta ce, "To, ina ƙwaryar toka?" Magaji ya shiga zage-zage, wai na yi masa sammu, don tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ba wanda ya saurare shi. Idon kowa ya koma kan doguwar rumfar fada, inda na sarki da na iyayensa suke rataye.

A nan Sarki Bagudu ya gane rigimar ta zama tasa. Tsoho ne mai wayo. Ya yi gyaran murya ya ce, "Gidan Hakama nata ne, Jatau mai gaskiya ne. Don girmama shi, na yi umarni a ɗauke ƙoƙonsa daga nan a kai bangon inuwa, kusa da na mahaifina. A mayar da na Magaji wurinsa. Magana ta ƙare." Fadawa suka ɗauki kirari. Tun da aka kafa garin ba talakan da ya taɓa samun wannan. Ni kaina na ji daɗi, sai daga baya na gane: in aka ɗauke su biyun daga idon kasuwa, nan da shekara ba mai tunawa, ƙwaryar toka kuma ta ci gaba da yawo.

Inna ta riga ni ganewa. Dogari ya miƙa hannu zai sauke ƙoƙon, ta tsaya a gabansa, ita da ba ta kai masa kafaɗa ba. Ta durƙusa wa sarki yadda ya kamata, ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Amma Jatau a rana ya yi noma, a rana ya yi farauta, bai saba da inuwa ba. Ku bar shi a rana. Duk wanda aka zo shafa wa ƙofarsa toka, ya zo ya dube shi tukuna."

Sarki ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi, ba wanda ya sunkuyar da kai. Sarki ya tashi ya shige gida. Dogarin ya janye hannunsa.

Inna ta koma gida ta ɗebo ruwa, ta wanke tokar ƙofarta da hannunta. Ba ta ko zauna ba, ta yafa zane ta ce in kula da gidan, za ta fadama ta ɗauko Tabawa, in Tabawar za ta yarda ta dube ta. Kafin ta dawo da ita, mutum goma sha ɗaya sun yi layi a ƙofar, kowa da ƙoƙon gidansa a kai, ba kuma wanda ya toshe hanci. Shekara uku na yi a Tsangalu ina koya musu jiƙo da kwashe maiƙo. Ranar da na baro, na Jatau yana nan a bangon rana.

Da na iso gida na tarar da tsohona a bakin kwatarniya, hannu tsamo-tsamo. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ka samo sana'ar da ba ta wari?" Na ce, "Babu ita, Baba." Ya matsa mini gefe, na naɗe hannun riga na zauna.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Wanda ya ji ya ƙaryata, ga hanya nan, ya je Tsangalu da tsakar rana ya duba bango.